Labarin Shehu Rifa'atu Ɗahɗawi, Limamin Ɗaliban Masar a Birnin Paris

 Wannan labarin wani malami ne na ƙasar Masar, Shehu Rifa'atu ɗan Badawi, wanda aka fi sani da Ɗahɗawi. Shi ne wanda aka haɗa da ayarin ɗalibai zuwa ƙasar Faransa domin ya riƙa ba su salla yana yi musu wa'azi, sunansa ba ya cikin masu karatu, amma da aka komo gida sai ga shi sunan liman ne ya wanzu, na yawancin mamu ya ɓace.

An haife shi a garin Ɗahɗa, cikin ƙasar Sa'idu, watau kudancin Masar, a shekara ta 1216 ta Hijira, daidai da 1801, shekarar da rundunar Faransawa ta fita daga Masar bayan ta yi shekara 3 tana riƙe da ƙasar. Gidansu gidan sharifai ne, dangin mahaifiyarsa kuwa malamai ne da alƙalai. Suna da rufin asiri, har sa'ad da Muhammadu Ali Basha ya kama mulkin Masar, ya karɓe filayen da manyan gidaje ke cin harajinsu, ya mai da su hannun hukuma. Wannan doka ta karya mahaifinsa. Ya kwashi iyalinsa yana ƙaura daga wannan gari zuwa wancan, yaron kuwa ya sauke Alƙur'ani ya haddace shi cikin wannan yawo, ya ɗauki matanonin fiƙihu da nahawu a wurin kawunansa. Da mahaifin ya rasu, sai aka sa shi a jirgin Nilu zuwa Alƙahira, ya shiga Azhar a shekara ta 1817, yana ɗan shekara 16.

A zamanin nan karatun Azhar irin na zaure ne. Malami ya jingina da ginshiƙi, almajirai su kewaye shi, a biya matani, a bi shi da sharhi, a bi sharhi da hashiya. Mutanen kowace ƙasa suna da masaukinsu da ake kira ruwaƙi, mutanen Sa'idu da nasu, mutanen Barno ma da nasu. A nan Allah ya haɗa shi da Shehu Hasanul Aɗɗar, malamin da ya bambanta da tsararsa. Shehu Aɗɗar ya zauna da masanan Faransawa sa'ad da suke Masar, yana koya musu Larabci, yana duba littattafansu da kayan aikinsu, ya kuma yi yawo a Sham da ƙasar Turkawa. Abin da ya gani ya tsaya masa a rai, ya tabbata ƙasashen Musulmi sun yi sakaci da ilmin lissafi da likitanci da labarin ƙasa, waɗanda kakanninsu suka riga kowa a ciki. Rifa'atu ya lazimce shi, yana zuwa har gidansa yana karanta tarihi da adabi, abubuwan da ba a faye karantarwa gindin ginshiƙi ba. Ya gama, ya karantar a Azhar shekara biyu, amma talauci ya matsa masa, sai a 1824 ya karɓi aikin limanci cikin sabuwar rundunar soja.

Ku sani, Muhammadu Ali ba son ilmi domin ilmi ne ya dame shi ba. Soja yake so, da jiragen yaƙi, da masu ƙera igwa, da likitocin da za su yi wa mayaƙansa magani. Saboda haka a 1826 ya zaɓi samari sama da 40, da yawansu Turkawa da Sarkasawa da Armeniyawa na gidan sarauta, 'yan ƙasa kaɗan ne a ciki, ya ce a kai su Paris. Aka nemi malamin da zai tsare musu addininsu a ƙasar da babu masallaci babu ladan. Shehu Aɗɗar ya ba da sunan almajirinsa, ya kuma yi masa wasiyya ya rubuta duk abin da idonsa ya gani a tafiyar.

Tafiya irin wannan ba abu ne mai sauƙi ga zuciyar malami ba a lokacin. Duk wanda ya karanta Risala ya san an karhanta ko fatauci zuwa ƙasar abokan gaba, balle zaman shekaru, ga shi kuwa Faransawan nan su ne waɗanda suka shiga Azhar da dawakinsu shekara 28 da suka wuce. Shi ya sa ya buɗe littafinsa da kafa hujja. Ya jawo maganar nan da ta shahara a bakin mutane ta neman ilmi ko da a ƙasar Sin ne, ya ce ai mutanen Sin ba Musulmi ba ne, tafiya ta halatta matuƙar mutum ya amince wa addininsa. Malaman hadisi sun raunana wannan ruwaya, amma sharaɗin da ya gindaya na aminci ga addini, shi ne ya riƙe har ya komo.

Suka shiga jirgin yaƙi na Faransawa a Iskandariyya cikin watan azumi na 1241, suka yi kwana 33 bisa Bahar Rum kafin su kai Marsiliya. Da isarsu ba a bar su sun shiga gari ba, aka tsare su kwana 18 a wani gida bayan gari domin tsoron annoba, abin da ake kira karantina. Wani da ya ga haka sai ya yi ta ƙorafi. Shi kuwa sai ya mai da abin mas'ala. Ya kawo saɓanin da aka yi tsakanin malamai biyu na Tunis, Shehu Muhammadu Manna'i Bamalike, wanda ya haramta karantina yana ganin gudun ƙaddara ce, da Shehu Muhammadu Bairam, muftin Hanafawa, wanda ya halatta ta har ya wajabta. Ya ce malaman nan biyu sun saɓa kuma a kan siffar ƙasa, na farko ya ce shimfiɗaɗɗiya ce, na biyu ya ce dunƙulalliya ce. A nan ne ya ambaci sunan da malaman Ƙadiriyya na yammacin Sudan suka sani sarai, Shehu Mukhtar Alkunti na Azawad kusa da Tumbutu, wanda ya rasu a 1226, ya lissafa shi cikin malaman Magrib da suka tafi a kan cewa ƙasa dunƙulalliya ce kuma tana tafiya. Wannan ita ce dabararsa a dukan littafin. In zai shigo da abin da kunnen mutanensa bai saba ji ba, sai ya nemo masa shaida daga cikin gida.

A gidan karantina ne suka fara cin karo da al'adar mutanen. Aka kawo kujeru, domin su Faransawa suna mamakin mutum ya zauna a ƙasa bisa shimfiɗa. Aka jera teburori, kowane mutum da farantinsa da kofinsa da wuƙa da cokali da wani cokali mai yatsu, ba mai sa hannu cikin abinci, ba mai sha da kofin wani. Da aka sake su suka shiga gari, ya shiga wani gidan shan gahawa, ya ga kamar wata hanya ce doguwa mai cike da jama'a wadda ba ta da iyaka, sai da ya hangi surarsa da ta abokansa ta ko'ina sa'an nan ya gane ɗaki ne rufaffe, madubai ne suka kewaye bangonsa. Ya rubuta wannan bai ji kunya ba. Amma a Marsiliya ɗin ya ga abin da ba na dariya ba. Ya tarad da mutanen Masar da suka bi Faransawa sa'ad da suka fita a 1801, yawancinsu Nasara ne tun asali, amma akwai waɗanda aka haifa Musulmi, zama ya yi tsawo, wasu suka mutu, wasu suka bar addini. Liman ya ga da idonsa abin da aka aiko shi ya tsare.

Tun a Marsiliya aka fara koya wa ɗaliban baƙaƙen Faransanci, shi ma ya zauna cikinsu yana biyawa kamar ƙaramin almajiri, alhali kuwa ya riga ya karantar a Azhar. Da suka isa Paris aka sa su hannun wani masani mai suna Jomar, wanda ya zo Masar tare da rundunar Napoliyon. Jomar ya lura da ƙwazon limamin, ya kuma ga yana da abin da sauran ba su da shi, watau ƙarfin Larabci, sai ya karkata shi ga aikin fassara. Da farko ɗaliban suna gida ɗaya, sai aka ga harshensu ba ya sakuwa domin suna ta hira da juna da Turkanci da Larabci, aka rarraba su makarantun kwana cikin 'ya'yan Faransawa. Kowane wata ana aika wa Basha da rahoton abin da kowa ya karanta, shi kuma yana aiko da takardun faɗa da tsoratarwa ga malalata.

Shehu Rifa'atu bai bukaci tsoratarwa ba. Yana yanka daga cikin kuɗin guzurinsa ya sayi littattafai, ya biya wani malami dabam ya ƙara masa darasi. Karatun dare ya raunana masa idonsa na hagu, likita ya hana shi duba littafi bayan faɗuwar rana, bai hanu ba. Ya karanta tarihin Yunanawa da Rumawa, da labarin ƙasa, da lissafi, da handasa, da manɗiƙi, da ilmin ma'adinai. Ya karanta Bolter da Ruso da Monteskiyo, har ya kwatanta wannan na ƙarshe da Ibn Haldun. Wani abu da ya lura da shi ya kamata malamai su tsaya a kansa. Ya ce littafin ilmi na Faransawa, mai karatu yana shiga cikin ma'anarsa kai tsaye, ba ya tsayawa warware lafazi da i'irabi, ba ya bukatar sharhi da hashiya kafin ya san abin da mawallafi ke nufi, saboda haka duk ƙarfinsa yana tafiya ga ilmin kansa. Ya kuma faɗakar cewa in an ce wane malami ne a Faransa, ba ana nufin masanin addini ba, ana nufin wanda ya ƙware a wani fanni har ya ƙara wani abu a ciki.

Ya yi abota da manyan masanansu na Larabci, babbansu kuwa shi ne Da Sasi, wanda ya yi wa Maƙamatul Hariri sharhi aka buga a Paris. Shehu ya yaba zurfin iliminsa, amma bai ɓoye cewa in yana karatu harshensa na ajami ne ba, ba ya kuma iya zance da Larabci sai da littafi a hannu. Shi ma Da Sasi da ya duba rubutun tafiyar Shehu, ya yabe shi, sa'an nan ya ce wani lokaci yana yi wa dukan Faransawa hukunci da abin da ya gani a Paris kaɗai, kuma akwai wuraren da nahawunsa ya yi rauni, watakila domin gaggawa. Shehu ya ɗauki wannan takarda ya sa ta cikin littafinsa yadda take. Malamin Azhar da zai buga gyaran da Banasare ya yi wa Larabcinsa, ba kowace shekara ake samunsa ba.

Game da abinci kuwa, bai yi sakaci ba. Ya bincika yadda mahautansu ke yi, ya ga shanu ana dukansu da gudumar ƙarfe a ka har su faɗi kafin a sa wuƙa, kaji da tsuntsaye kuwa wasu murɗe musu wuya ake yi, wasu a shaƙe su. Saboda haka ya mai da al'adarsa ya sayi dabba ya aiki baransa Bamasare kwata ya yanka da hannunsa. Ya ba da labari wata rana baran ya ga irin azabar da ake yi wa bijimai, ya komo yana ta godiya ga Allah da bai halicce shi sa a ƙasar Turawa ba.

Fatake za su so su ji abin da ya ce a kan kasuwarsu. Ya siffanta bankuna, da kamfanin da ke lamunce wa mutum dukiyarsa in gobara ko haɗarin teku ya ci ta bisa wani kuɗi da yake biya, watau inshora, da gidan waya mai kai takarda ga mai ita ba ɓata, da jaridu masu yaɗa labarin kaya da farashi, da makarantar da ake koyar da ciniki kamar yadda ake koyar da kowane fanni. Ya yaba cika alkawarinsu da ƙin zaman banza. Sa'an nan ya ce da ba domin riba ta cuɗanya da yawancin cinikinsu ba, da sun fi kowace al'umma kyawun sana'a. Haka ya yi wa sauran halayensu, yana aunawa ɗaya ɗaya. Ya yabi tsabtar gidajensu da son sanin asalin kowane abu. Ya zarge su da rowa, da ƙarancin kishi a kan matansu, da cewa yawancin mutanen Paris sunan Nasara kawai gare su, hankali suka ɗauka ya zama alƙali a kan kome, suna musun mu'ujiza da ƙaddara. Ya yi gargaɗi cewa kada wanda bai kafu cikin Littafi da Sunna ba ya kutsa cikin littattafansu na falsafa. Duk da haka ya ce kamun kai na mace ba daga lulluɓi ko rashinsa yake fitowa ba, daga tarbiyya ne, magana mai nauyi ƙwarai a bakin Ba'azhare na wancan zamani.

A shekararsa ta ƙarshe ya ga abin da bai taɓa gani ba. A watan Yuli na 1830 mutanen Paris suka tashi, cikin kwana 3 suka tumɓuke Sarki Sharl na 10 domin ya taka dokar ƙasa ya toshe bakin jaridu, aka naɗa Luwi Filib. Shehu ya rubuta labarin daki daki, ya fassara tsarin mulkinsu sashe sashe, ya tsaya a kan sashen farko mai cewa dukan mutane daidai suke a gaban shari'a. Ya bayyana wa masu karatunsa cewa abin da Faransawa ke kira 'yanci shi ne abin da Musulmi ke kira adalci da insafi. Cikin wannan bazara ɗin ne kuma rundunar Faransa ta ci birnin Aljaza'ir, yana zaune a babban birnin waɗanda suka ci shi. A watan Oktoba aka yi masa jarrabawa gaban taron masana, ya ajiye musu fassara 12, ƙanana da manya, da rubutun tafiyarsa, aka ba shi shaida. Ya komo Masar a 1831.

Littafin tafiyar, mai suna Takhlisul Ibriz fi Talkhisi Bariz, watau tace zinariya cikin taƙaita labarin Paris, an buga shi a maɗaba'ar Bulaƙ a 1834 da yabon Shehu Aɗɗar a farkonsa, wanda a lokacin shi ne Shehun Azhar. Basha ya sa aka juya shi da Turkanci domin ma'aikatansa. Shehu Rifa'atu ya yi aikin fassara a makarantar likita, da makarantar igwa, sa'an nan aka kafa Makarantar Harsuna a 1835, aka danƙa masa riƙonta. A can ya haɗa malaman Azhar da malaman Faransanci ƙarƙashin rufi ɗaya, yana zaɓo yara daga garuruwan karkara, yana koyarwa da kansa ba ya duban lokaci. Shi da almajiransa suka cika Larabci da littattafan likitanci da handasa da tarihi, suna tono tsofaffin kalmomi ko su ƙera sababbi ga abubuwan da ba su da suna. A 1842 aka ba shi jaridar hukuma, Alwaƙa'i'ul Misriyya, ya fifita Larabci a cikinta bisa Turkanci. Aka ba shi sarautar Bek, aka yanka masa gonaki. Sarkin da ya talauta uban shi ne ya wadata ɗan.

Amma ilmin da ya dogara ga fada yana faɗuwa tare da mai fada. Da Abbas Basha ya hau a 1848, sai ya rufe Makarantar Harsuna, a 1850 kuma ya tura Shehu Hartum, wai ya buɗe makarantar yara ƙanana. Kowa ya san kora ce. Wasu masu tarihi sun danganta ta ga sake buga littafin Paris a 1849, da labarin tumɓuke sarki a cikinsa, wasu ga hassadar abokan aiki. Ya yi shekara 4 a can, zazzaɓi ya kashe da yawa daga waɗanda aka kora tare da shi, cikinsu har da Muhammadu Bayyumi, gwanin lissafi wanda shi ma a Paris ya yi karatu. Domin ya rage baƙin ciki ya fassara labarin Telemak na Fenelon, littafin da ke koya wa ɗan sarki adalci yana zargin azzaluman sarakuna, ba a kuwa buga shi ba sai a 1867, a Bairut. A nan akwai tabo da ba ya ɓoyuwa. Cikin ƙasidar kuka da ya yi yana roƙon a mai da shi gida, ya aibata ƙasar Sudan da mutanenta da kalmomi masu muni. Mutumin da ya yi wa Faransawa adalci, ya auna kirkinsu da aibinsu da ma'auni ɗaya, bai yi wa 'yan'uwansa Musulmi baƙaƙe irin wannan adalci ba.

Da Abbas ya mutu a 1854 ya komo Alƙahira. Ya riƙe makarantar soja zamanin Sa'idu Basha, ya yi ta ƙoƙari har Bulaƙ ta buga manyan littattafan magabata, irin su Tafsirin Razi da Maƙamatul Hariri. Zamanin Isma'ilu Basha ya shugabanci fassara dokokin Faransa, ya wallafa tarihin Masar, da wani littafin nahawu mai sauƙi domin yaran makaranta, irin sauƙin nan da ya gani a Paris. A 1870 aka ba shi mujallar Raudatul Madaris. Ya rubuta Almurshidul Amin domin 'yan mata da samari, inda ya kafa hujja cewa a karantar da mata karatu da rubutu da lissafi, aka kuwa buɗe makarantar 'yan mata ta farko ta hukuma a Alƙahira a 1873. A gidansa ma an sami takarda da hannunsa, wadda ya yi wa matarsa, 'yar kawunsa, alkawarin ba zai yi mata kishiya ba, ba zai ajiye ƙwarƙwara ba muddin tana tare da shi.

Aikinsa na ƙarshe shi ne tarihin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, mai suna Nihayatul Ijaz, wanda aka riƙa fitarwa kashi kashi cikin mujallar. Ya rasu a Alƙahira ran 27 ga Mayu, 1873, daidai da 1290 ta Hijira, yana cikin shekararsa ta 72. Makarantar Harsuna da aka rufe masa an sake buɗe ta a 1951, tun 1973 kuma tana cikin Jami'ar Ainu Shams da sunanta na dā. Allah ya jiƙansa, ya gafarta masa, amin.